Jar Darar Kawu a Dajin Talotalo

Tun ranar da na saka hoton nan a zaurenmu na 'yan aji, wanda nake sanye da kaya masu zanen ganye, ba ku bar ni na huta ba. Wani ya ce ko Amurka ta ɗauke ni aikin soja ne, wani ya ce ina naman. Kun san ni, in aka ce in yi bayani da baki sai in yi ta in'ina har mai tambayar ya gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta. Nama dai babu. Ga yadda aka yi.

Kawu Isuhu yayan mahaifiyata ne. Mutumin Maraɗi ne, ya daɗe a Sterling, a jihar Virginia, yana tuƙa motar kai matafiya filin jirgi. Ni kuma ina haya a Hyattsville, a jihar Maryland, kusa da jami'ar da nake karatu. Sunan da ya sa mini shi ne Furofesa. A watan Maris ya kira ni ya ce abokin aikinsa, wani dattijo baƙar fata ɗan ƙasar nan mai suna Mista Wesli, zai kai shi farautar talotalon daji a watan Afrilu. Sun sha zuwa farautar barewa tare, amma ta talotalo wannan ce ta farko a wajen Kawu.

"Bon, Furofesa, ita wannan farautar sai da mai kira," in ji shi, da "bon" ɗin nan nasa na Faransanci, wato "to". "Na gwada, Wesli ya ce kukana na zabo ne mai mura. Kai da kake da haƙurin karatu, ka koya."

Abin kiran wani ɗan akwatin katako ne mai murfi, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Ana shafa masa alli, a goga murfin a kan bakinsa, sai ya ba da kukan macen talotalo: kyau, kyau, kyau. A lokacin da sanyi ya janye itatuwa suka fara toho, lokacin barbararsu ke nan, namijin yakan ji kukan ya taho nemanta. Sati huɗu na yi ina sauraren kukan a waya ina kwaikwaya, har maƙwabciyata Anti Ramatu, 'yar Kumasi, ta buga mini ƙofa.

"Kai ɗan Najeriya, kaza kake kiwo a ɗaki? In mai gida ya ji, ni ban san ka ba."

Na yi kwas ɗin da ake bukata, na karɓi lasisi, ko da yake ba ni da niyyar taɓa bindiga. Na karanta ɗan littafin dokokin sau uku, ina jan layi. Wuri ɗaya na ja wa layi biyu. Kan namijin talotalo ja ne da fari da shuɗi, don haka ba a shiga daji da ɗayan launukan nan a jiki, ko da bakin safa ne. In kuma ka hango wani mafarauci yana tunkaro ka, kada ka motsa, kada ka ɗaga masa hannu. Ka yi masa magana da babbar murya. Ina karanta wannan, abin da ya faɗo mini a rai shi ne jar darar Kawu.

Tun da nake ban taɓa ganin kansa babu ita ba. Ta mahaifinsa ce, wanda maharbi ne a ƙauyensu. Ko alwala yake yi, sai dai ya ɗan ɗaga ta da hannu ɗaya ya shafa kai da ɗayan ya mayar. Ku da kanku kun san ba yadda za a yi yaro ya dubi yayan uwarsa ya ce masa cire hularka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau jirgin ƙasa, na canja wani a tsakiyar Washington. Iyakar da ke tsakaninmu da jihar Virginia kogi ne, ta ƙarƙashinsa jirgin ya bi, ban ma san mun ƙetare ba sai da na ga sunan tasha. Na tuna yadda muke shan rana a Jibiya in za mu Maraɗi, a sauke kaya, a duba takardu, a sake lodi. A nan ba mai tsayar da kai, amma lasisin wannan gefen ba ya aiki a wancan. Na Virginia na nema, kuma na duba shi a aljihu ya fi sau biyar kafin in sauka.

Kawu ya ɗauke ni a tasha, Mista Wesli na zaune a gaba, dogo ne mai furfura da ɗingishi kaɗan. Muka nufi yamma, wajen duwatsu. Tafiyar awa biyu ce da 'yan mintuna. Na shirya jimlar da zan faɗa wa Kawu tun muna cikin gari, na gyara ta, na sake gyarawa. Sai da muka tsaya shan mai, Mista Wesli ya shiga kanti, sannan na buɗe baki.

"Kawu, na ga a littafin sun ce wai jan abu ba shi da kyau a wannan farautar."

"Wa ya ce?"

"Littafin hukuma."

"Lokacin barewa su suka tilasta mini sa riga ruwan lemo, wai don a gan ni kada a harbe ni. Yanzu kuma sun ce in ɓuya don kada a harbe ni. Wanne zan ɗauka?" Ya yi dariya ya gyara zaman darar. "Babana kan burtu yake ɗaurawa a goshi, ya durƙusa yana tafiya kamar tsuntsu har ya isa gaban barewa. Shekara arba'in, ba wanda ya taɓa harbinsa."

Na so in ce a can ba wani mai bindiga da ya fito neman burtu. Ban faɗa ba. Na ce, "Haka ne, Kawu."

Masaukinmu wani ɗan gidan katako ne na ɗan'uwan Mista Wesli, a gindin dutse. Kawunan barewa uku ne a kafe a bango, ɗaya daidai alƙibla. Kawu ya dube shi, ya ɗauko tawul ya rufe masa fuska kafin mu ta da salla. Mista Wesli ya dafa wake, ya nuna mana gwangwanin da kansa don mu tabbatar ba alade a ciki. Kawu ya fito da kilishi. Dattijon ya ci yanka ɗaya, yaji ya sarƙe shi, ya yi ta tari yana hawaye, yana miƙo hannu a ƙara masa.

Gab da faɗuwar rana ya kai mu bakin dajin, wanda na gwamnati ne, kowa mai lasisi yana iya shiga. Talotalon daji a kan bishiya yake kwana, kuma in kana son ka same shi da safe sai ka san inda ya hau. Mista Wesli ya haɗa tafukansa a baki ya yi kukan mujiya.

"A'uzu billahi," in ji Kawu. "Mu gida korarta muke yi, shi kiranta yake."

Kafin ya rufe baki, daga can kan tudu aka amsa: gulu-gulu-gulu! Wai haka namijin yake, duk ƙarar da ta ba shi haushi sai ya mayar da martani. Muna juyowa na lura da wata farar mota a fake a ƙarƙashin itatuwa, ba kowa a ciki. Mista Wesli ya tsaya ya daɗe yana kallonta.

Da muka koma masauki ya janye wuyan rigarsa ya ce in taɓa. A ƙarƙashin fatar kafaɗarsa akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu tauri kamar tsabar dawa. Dalmar harsashi ce. Ya ce yana saurayi ya ciro farin hankici don ya share hanci, wani da ke laɓe a bayan ganye ya sakar masa wuta. Sannan ya nuna darar Kawu da cokali, ya ce da Turanci, "Isuhu, wannan a gida za ta kwana gobe."

"Ba matsala, ba matsala," in ji Kawu. Na ji sanyi a raina.

Mun tashi kafin asuba, muka yi salla a gefen mota a bakin dajin, Mista Wesli yana jiranmu daga nesa kaɗan. Farar motar nan tana nan inda take. Kawu ya ja salla, rigarsa mai zanen ganye tana da hula a haɗe, ya jawo ta har goshi. Da ya ɗago daga sujada ta biyu sai hular rigar ta zame baya. A ɗan hasken tocila na ga jan. Ya sallame, ya mayar da hular rigar, ya juyo muka haɗa ido.

"A rufe take," ya ce a hankali. "Ba zan shiga daji ba tare da ita ba. Mu je."

Ina iya faɗa wa Mista Wesli. Taku goma ne tsakaninmu. Amma in kai ƙarar kawuna wajen baƙo, a gabansa? Na ɗauki akwatina na bi bayansu.

A gida, farautar da na sani ta ganguna ce da karnuka da kirari, gari guda ya fita. A nan mutum uku ne a jere cikin duhu, in ka taka busasshen reshe sai a waiwayo a harare ka. Mista Wesli ya zaunar da Kawu a gindin wata bishiya, a gefensa na dama akwai wani gungume da ya faɗi. Ni kuma ya kai ni wata bishiyar, taku goma sha biyu a bayan Kawu, a ɗan sama kaɗan, don tsuntsun ya taho nemana ya biyo ta gaban bindiga. Ya raɗa mini cewa in tsuntsun ya yi shiru, ni ma in yi shiru, yana tafe ne. Ya tuna wa Kawu cewa sai ya ga gemun da ke ƙirjin tsuntsun ƙarara kafin ya harba, doka ce. Kawu ya taɓa wuƙar da ke ƙugunsa, wadda zai yanka da ita in ya same shi da sauran rai. Sannan dattijon ya wuce can ƙasan tudu, ya bar mu.

Gari ya fara wayewa. Ƙananan tsuntsaye suka fara kuka. Sai namijin ya saki murya daga kan bishiya, bai fi taku ɗari biyu ba. Na jira kamar yadda aka koya mini, na ƙirga har sittin, na goga murfin sau uku a hankali. Ban gama na ukun ba ya katse ni. Ni Nura, wanda malami ke cewa in maimaita don bai ji ni ba, ga wata halitta a daji tana amsa mini.

Muka ji saukarsa, fuka-fukai kamar ana kaɗe tabarma. Na kira, ya amsa. Na jira, na sake kira, ya amsa daga kusa. Mun fi rabin awa a haka. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu, wani ƙwaro yana yawo a wuyana, ban taɓa shi ba. Sannan ya yi shiru. Na ajiye akwatin a cinya.

Rana ta ɓullo ta bayan tudu. Kawu kunnensa na hagu ba ya ji sosai, kuma hular rigar tana ƙara toshe shi. Ina kallo ya sa yatsa ɗaya ya ture ta baya. Hasken ya sauka a kan darar. A duk dajin nan, mai ruwan toka da ɗanyen kore, ba abin da ido zai fara sauka a kai sai ita.

"Kawu," na ce. Ko ni ban ji kaina sosai ba.

Sai na ji taku a cikin busasshen ganye. Ba daga gaba ba, inda tsuntsun yake, daga dama. Taku uku, a tsaya. Taku biyu, a tsaya. Na karanta cewa tafiyar talotalo a ganye kamar ta mutum take, na riƙe wannan na ce shi ne ya zagayo. Na juya idona kaɗai, ban juya kai ba. Tsakanin wasu gajerun itatuwa masu duhu na ga ganye yana motsi sama da inda iska za ta motsa shi. A ƙarƙashinsa akwai takalmi.

Mutum ne, a duƙe, fuskarsa a rufe da raga, bindiga a hannu biyu. Bai kai taku arba'in ba. Ba ni yake kallo ba. Na bi layin idonsa, na gane abin da yake gani daga inda yake: gungumen ya rufe jikin Kawu gaba ɗaya, abin da ya fito sama da shi jan abu ne mai girman dunƙulen hannu biyu. Kuma kukan mace da ya biyo tun daga nesa, ni na yi shi.

Kawu ma ya ji takun. Ya fara juya kai a hankali, ya tsaya, ya ƙara juyawa, yadda tsuntsu ke yi in yana neman abu. Mutumin ya durƙusa a gwiwa ɗaya. Bakin bindigar ya fara ɗagowa.

Na haddace jimlar da littafin ya ce a faɗa, na maimaita ta a jirgi da mota. Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Na ga mutumin ya kwantar da kumatunsa a kan bindigar. A daidai lokacin Kawu ya hango shi, kuma ya yi abin da kowane dattijon kirki zai yi in ya ga baƙo: hannunsa na dama ya bar bindigarsa ya fara tasowa don gaisuwa.

"KAWU, SAUKE HANNUNKA! KADA KA MOTSA!"

Da Hausa ta fito. Sannan na juya da Turanci, da duk ƙarfina: "Tsaya! Mutane ne! Mutane ne a nan!" Na yi ta maimaitawa, ban san sau nawa ba, har dutsen yana dawo mini da muryata. A gabanmu, bai fi taku ashirin daga Kawu ba, wani ƙaton abu baƙi ya tashi da ƙara ya ratsa rassa ya tafi. Ashe ya iso.

Mutumin ya sauke bindigar. Ya zare harsasan ɗaya bayan ɗaya, suna zubewa a ganye, ya cire ragar fuskarsa. Bature ne, zai yi shekara arba'in da wani abu, fuskarsa ta yi fari fat. Ya taho taku kaɗan, ya ga Kawu zaune a bayan gungumen, sai ya zauna daɓas.

"Na ga ja," yake ta cewa. "Na ji mace, na ga ja. Yatsana yana kan kunamar bindiga." Ya dube ni, ya dubi akwatin. "Kai ne kake kiran nan? Tun daga rafi nake bin ka."

Mista Wesli ya iso yana haki, ɗingishinsa ya ƙaru. Kallo ɗaya ya yi ya gane komai. Ya fara da baƙon. Ban taɓa jin an wanke babban mutum haka ba: wa ya koya masa bin kuka a dajin da kowa ke shiga, ina gemun da ya gani, me zai faɗa wa iyalin mutumin nan. Sannan ya juyo kan Kawu, ya dubi darar. Ya juya baya ya tsaya yana kallon itatuwa.

Na juya wajen Kawu. Ya jingina bindigarsa, ya ɗago hannu biyu ya cire darar. Kansa sanƙo ne, da 'yar furfura a gefe da wani tsohon tabo. Na kawar da idona. Ya miƙo mini ita ba tare da ya dube ni ba, na karɓa da hannu biyu na sa a can ƙasan jakata. Sannan ya buɗe fulas ya zuba shayi a murfin ya miƙa wa baƙon. Mutumin ya karɓa, rabin ya zube a wandonsa.

Ba mu sake kira ba ranar. Muka tattara kaya daga masauki, muka cire wa barewa tawul, muka kama hanya. Muka sauke Mista Wesli a Sterling. Na ce zan hau jirgi, Kawu ya ce in zauna, shi zai kai ni. Ya tuƙa da kai a buɗe, a cikin garin da 'yan'uwa da abokan masallaci za su iya ganinsa.

Ni kuwa lissafi nake ta yi. Na daka wa yayan mahaifiyata tsawa kamar yaro, a gaban baƙi. Na kuma san cewa da na yi magana yadda ya kamata a gidan mai, ko a bakin daji, da ba a kai ga haka ba. Ban san wanne daga ciki zai ɗauka ba, na kuma fara tsara abin da zan ce wa Inna in ya kira ta.

Muna hawa gadar da ke ƙetare kogin zuwa Maryland motoci suka cushe, muka tsaya cak. Sai ya miƙo hannu, idonsa a kan hanya. Na lalubo darar na ba shi. Ya kaɗe ta a gwiwa, ya sa, ya duba madubi ya gyara.

"Tun a gidan mai ka sani," ya ce.

"E, Kawu."

"Kuma da asuba ka gani."

"Na gani."

"To me ya sa ka faɗa mini kamar mai neman aron gishiri?"

Motar gabanmu ta matsa kaɗan, ya bi ta.

"Uwarka ta ce mini ba ka da murya. Shekara ashirin da huɗu tana faɗa." Ya girgiza kai. "Kunnen nan nawa na hagu, likita ya ce ya mutu. Yau ya ji."

Ban san ko dariya ake so in yi ba, don haka ban yi ba. Sai da muka sauka daga gadar ya sake magana.

"Asabar mai zuwa Wesli ba shi da aiki. Kafin mu bar mota, za ka tsayar da ni ka duba ni tun daga kai har safa. Abin da ka gani, ka faɗa."

"To, Kawu."

"Me ka ce?"

"Na ce to!"

"Bon," in ji shi, ya kunna rediyo.